Fitilun filin saukar jirgi mai saukar ungulu: hasken kan titi bai isa ba

Malam, ka ce an kira ka aikin wayarin a rufin wani bene a unguwar Victoria Island ta Legas inda jirgi mai saukar ungulu zai riƙa sauka da dare, kana tambaya ko manyan fitilu masu ƙarfi sun wadatar. A'a, ba su wadatar ba. Fitilar da ta haska sama tana kashe wa matuƙi ido daidai lokacin da ya fi buƙatar gani.

Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, a kundin Annex 14 kashi na 2, ita ake bi. Gefen wurin da jirgin zai dira ana zagaye shi da ƙananan fitilu kore, a kafe su ƙasa-ƙasa. Masu haska daɓen kuma a sunkuyar da su, haskensu ya kwanta kan harafin H da ke zane a wurin saukar. Ƙyallen nan mai nuna inda iska ta dosa, shi ma sai an haska shi, don matuƙi yakan fuskanci iska wajen sauka. Duk abin da ya ɗara rufin tsawo, tankin ruwa ne ko eriya, a ɗora masa jar fitila.

A Legas abin da ya fi damuna shi ne wuta. In aka ɗauke ta jirgi na dab da sauka, jiran janareto ya tashi haɗari ne, saboda haka a haɗa layin da batir mai karɓa nan take. Iskar teku kuma tana cin ƙarfe, ka nemi kayan da ba sa tsatsa, ruwa ba ya shiga.

Kafin ka sayi ko waya ɗaya, mai benen ya nuna maka zanen da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi.