Filin Tambaya da Amsa: Kafin Ka Ba da Kafin Alƙalamin Gida a Ƙasar Waje

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga masu son mallakar gidan hutu a Turkiyya da Dubai da Ingila. Injiniyan gine-gine da lauyan harkar gidaje da ke kula da wannan fili su suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina yawan zuwa Istanbul saro kaya. Wani dillali ya samo mini filat a bene mai hawa shida, ƙasansa shaguna ne, ina so iyali su riƙa sauka in sun je hutu. Na shiga na gani, fenti sabo, tayil sabo. Ya ce akwai rahoton ƙwararre a kan gidan, ba sai na kashe kuɗin injiniya ba. Haka ne? Daga wani Alhaji a Ƙofar Mata.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Karɓi rahoton ka sa a fassara maka. Da wuya ya wuce na ƙiyasin farashi, irin wanda ake nema daga baƙon da ke son zama ɗan ƙasa ta hanyar sayen gidan dala 400,000. Mai rubuta shi faɗin ɗakuna ya auna, ya duba takardu, ya kwatanta da cinikin da aka yi a unguwar. Bai ga rodi ba, bai gwada kankare ba. Shi kuwa dillali sai ciniki ya faɗa yake samun la'ada, saboda haka ba shi zai zaɓa maka mai bincike ba. Kai za ka nemo injiniyan, kai za ka biya shi, sunanka ne a kan rahoton.

A Turkiyya girgizar ƙasa ce abin tsoro. Ta garin Izmit da ke gabas da Istanbul, ranar 17 ga Agusta 1999, ta kashe sama da mutum 17,000, ta 6 ga Fabrairu 2023 kuma sama da 50,000. Don haka tambayar farko ita ce shekarar da aka ba da izinin ginin, domin an sauya ƙa'idar gini a 1998 da 2007 da 2018. Yawancin tsofaffin benaye da rodi mai santsi aka yi su, kankaren kuma a wurin aikin aka kwaɓa, wani sa'in da yashin teku da ba a wanke ba. Gishirin yana cin rodi, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankare daga ciki. Ba a falo ake ganin wannan ba. Injiniya ɗakin ƙarƙashin ƙasa zai fara sauka, inda ba wanda ya damu ya yi fenti, ya ga ko gindin ginshiƙai ya ɓare, rodi ya fito ja.

Shagunan nan su suka fi ɗaga mana hankali. Hawan ƙasa da aka cire wa bango aka sa gilashi ya fi na sama rauni, shi ke fara durƙushewa, kuma an sha samun mai shago ya sare ginshiƙi don ya faɗaɗa wuri. Injiniya ya karɓo zanen ginin daga ƙaramar hukuma, ya ƙirga ginshiƙan da ke takarda da waɗanda ke tsaye. Sannan ya bi su da na'urar gano rodi, ya ga yawansu da tazarar zobban da ke ɗaure su. Gwaji mafi tabbaci shi ne a huda ginshiƙi a ciro curin kankare mai faɗin kusan santimita 10, a matse shi a ɗakin gwaji har ya fashe. Ƙa'idar 2018 ba ta yarda da kankaren da ƙarfinsa bai kai ajin da ake kira C25 ba. Sai dai ginshiƙi na dukkan mazauna benen ne, sai da yardarsu, kuma da yawa suna gudu, domin in gwajin hukuma ya nuna gini na da haɗari, dokar 2012 ta ce a rushe shi. In sun hana, ka ɗauki wannan ma a matsayin amsa.

Ta fuskar takardu, tapu shaidar mallaka ce kawai. Ka nemi iskan, wadda ke nuna an kammala ginin bisa zanen da aka amince da shi. Kada a nuna maka takardar afuwar 2018 a ce ita ce. An yi wa gine-gine marasa izini rajista a lokacin ba tare da an gwada ƙarfinsu ba. Inshorar girgizar ƙasa ta DASK ma dole ce, ba shaidar ƙarko ba ce.

TAMBAYA: Na gama biyan kuɗin filat a Dubai tun yana kan gini, yanzu kamfanin ya kira in je in karɓi mukulli. Sabo fil ne, me kuma za a bincika? Daga wata Hajiya a Nasarawa.

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kada ki sa hannu a takardar karɓa sai mai bincikenki ya zaga. Dokar Dubai mai lamba 6 ta 2019 ta ɗora wa kamfani gyaran aibin jikin gini na shekara 10 daga ranar shaidar kammalawa, amma wuta da famfo da na'urorin sanyi shekara 1 ce tak daga ranar miƙa mukulli. Ga mai zuwa hutu sau ɗaya a shekara, kafin ki sake komawa wa'adin ya ƙare.

Ruwa za a fi bi. A toshe magudanar banɗaki, a cika daɓen da ruwa, a bar shi awa 24, a duba ko ya ragu ko silin na ƙasa ya jiƙe. A kwarara bokiti a baranda a ga inda ruwan ya nufa. In ya nufi ƙofar falo, an karkatar da daɓen ba daidai ba. Kada a ce ai Dubai ba a ruwa. Wanda aka tafka ranar 16 ga Afrilu 2024 shi ne mafi yawa tun da aka fara ajiye lissafi a 1949, kuma ya shiga gidaje ta taga da rufi. A ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙarar holoƙo siminti bai cika ƙarƙashinsa ba, zai fashe. A kunna na'urar sanyi ta daɗe tana aiki, a auna iskar da take ja da wadda take hurowa: bambancin maki 8 zuwa 11 ake so. A buɗe silin a ga bututun da ke zubar da ruwanta, don shi ne ke toshewa ya yi ta ɗiga a kan silin ba kowa a gida. A gwada kowane soket da makunnin da ke yanke wuta in an samu matsala. Kowane aibi a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, a aika wa kamfani a rubuce, a koma a duba bayan sun ce sun gyara.

Abu ɗaya da masu gidan hutu ke mantawa: in an rufe gida a Dubai aka kashe sanyi gaba ɗaya, laima tana sa bango da katifu su yi hunhuna, ruwan da ke gwiwar bututun banɗaki kuma ya ƙafe, warin masai ya cika gida. Ki bar na'urar a maki 26 ko kusa, ki sa wani ya riƙa leƙawa yana sakin ruwa. Ki kuma tambayi kuɗin hidimar bene na shekara, ana lissafa shi a kan kowace ƙafa ta faɗin filat, ko kin zo ko ba ki zo ba.

TAMBAYA: Ina son sayen tsohon gida a Landan, yarana na karatu can, mu ma mu riƙa sauka. An ce binciken hawa-hawa ne. Wanne zan nema? Daga wani Malam a Tarauni.

AMSA: Malam, nemi mai bincike ɗan RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu binciken gidaje. Matakai uku gare su. Na biyu ya isa ga gidan zamani da ba a yi wa sauye-sauye ba. Tsohon gida kuwa sai na uku, wanda yakan kama daga kusan fam 600 zuwa 1,500 ko fiye. A Ingila ba wanda zai tilasta maka yin sa, kuma a kan mai saye yake. Ka yi shi kafin musayar takardun yarjejeniya, domin daga ranar ciniki ya ɗaure, galibi da kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100 na kuɗin.

Ƙasar Landan yumɓu ce, tana tsukewa da rani, ta kumbura da ruwa, musamman in akwai babbar bishiya kusa da harsashi. Tsagar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci ta filasta ce. Wadda ta wuce haka, ta tafi a karkace daga kusurwar taga, ta fi faɗi a sama, ana kuma ganinta ciki da waje, sai an kira injiniya. Katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 yana hanyar ruɓewa. Gidan da aka gina kafin 2000 yana iya ɗauke da asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya. Rahoton zai lissafa abin da bai iya gani ba, kamar ƙarƙashin kafet da bayan kabad. Karanta wannan shafin da kyau, kuma magudanar ƙasa sai an zura mata kyamara daban.

In filat ne, mai yiwuwa hayar dogon wa'adi kake saye. Lauyanka ya faɗa maka shekarun da suka rage. Ƙasa da 80 bankuna suna ja da baya, sayarwa ta yi wuya. In dogon bene ne, a tambayi takardar EWS1 kan abin da aka lulluɓe bangon waje da shi, wadda ta samo asali daga gobarar dogon benen Grenfell a Landan ta 2017 da ta ci rai 72. Ka kuma gaya wa kamfanin inshora gaskiya, don yawancinsu suna rage abin da za su biya in gida ya yi kwana 30 ko 60 a rufe. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu. Ko dai a zuƙe ruwan gidan kafin tafiya, ko a bar na'urar ɗumi tana aiki kaɗan-kaɗan.

TAMBAYA: Ƙanena yana ƙasar da zan sayi gida, ya kuma san gini. In ya zaga da waya ina kallo bai wadatar ba? Mai gidan yana matsa mini in tura kafin alƙalami. Daga wani mai karatu a Fagge.

AMSA: Bai wadatar ba, wannan cinikin biri a sama ne. Ƙanenka ya raka mai binciken, ya tabbatar ya hau rufi ya sauka ƙasa, amma in ya yi kuskure ba ka da wanda za ka kama. Ƙwararre mai rajista yana da inshorar da za ka bi. Ka tambayi lambar rajistarsa, ka ga samfurin rahotonsa, ka ce ya sa ƙiyasin kuɗin kowane gyara, da shi za ka nemi ragi. In dole sai ka ba da wani abu yanzu, lauyanka, ba na mai gida ba, ya rubuta cewa za a mayar maka da kuɗinka cif in bincike ya gano aibi a harsashi, ginshiƙi ko rufi, a sa adadin kwanakin da za a yi binciken, kuɗin kuma ya zauna a asusun lauya har rahoto ya fito.