Nas za mu ɗauka ko mai jinya? Amsoshin tambayoyinku kan kula da masu taɓin hankali

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, dukkansu daga mutanen da ke jinyar wani nasu mai lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kuɗin hannunsu ba zai kai ga komai da komai ba. Na cire sunaye.

Ƙanena ɗan shekara 27 ne. Likita ya ce ciwon sikizofireniya ke damunsa, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin muryoyi ko gaskata abin da babu shi, kuma an sallamo shi bayan wata biyu a asibiti. Mahaifiyarmu ta tsufa, ni kuma ina fita aiki. Dangi sun ce mu ɗauko ƙato mai ƙarfi ya riƙa tsaronsa, ƙawata ta ce nas ya kamata. Wanne za mu ɗauka?

Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Maganar ƙato ki ajiye ta gefe. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ke da wannan ciwo, kusan mutum ɗaya cikin 300, kuma akasarinsu ba masu dukan mutane ba ne, su ne ma aka fi cutarwa. Wanda yake jin kamar ana bibiyarsa, idan ya ga an girke masa ƙato a bakin ƙofa, ai an gaskata masa tsoronsa ke nan.

Ki zauna ki lissafa abin da yake bukata a yini: magani a kan lokaci, barci isasshe, wanka, abinci, ɗan tattaki, abokin hira, da wanda zai lura idan yanayinsa ya fara sauyawa. Duk wannan mai jinya mai haƙuri zai iya, ko da bai karanci aikin nas ba. Aikin nas daban ne: allura, awon jini da nauyin jiki, gano illar magani, da isar da bayani ga likita. Wannan ziyara ɗaya a mako ta wadatar, daga baya ma sau biyu a wata. Don haka ki raba kuɗin gida biyu, kaso mafi tsoka ga mai jinya na kullum, ragowar ga nas mai zuwa lokaci-lokaci, wadda za ta koya wa mai jinyar aikinsa. Ki nemi ganin lasisinta, ki tabbatar da shi a hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, ki kuma tambaya ko ta karanci jinyar masu taɓin hankali, domin fanni ne mai zaman kansa.

Wurin zaɓen mai jinya kuwa, tambaya biyu za su nuna miki halinsa. Ki ce, "Idan ya ƙi shan magani, yaya za ka yi?" Wanda ya ce zai danne shi, ko zai niƙa ƙwayar ya ɓoye a abinci, ki sallame shi da girma da arziki. Ran da ƙanenki ya gano, ba zai ƙara yarda da abincin gidan ba, balle mutanen gidan. Amsar da kike nema ita ce zai lallashe shi, ya ji dalilinsa, ya sake gwadawa anjima, ya sanar da nas. Sau da yawa akwai dalili: maganin na sandarar masa da wuya, ko yana sa hannunsa rawa, ko yana kashe masa jiki, kuma likita na iya gyara wannan. Tambaya ta biyu: "Idan ya ce yana jin muryoyi fa?" Mai hankali ba zai ƙaryata shi ba, ba zai kuma ce shi ma ya ji ba. Zai ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin ya tayar maka da hankali, zo mu zauna."

Na daɗe a kan hali ne saboda bincike ya nuna nauyinsa. Tun a shekarun 1960 George Brown da abokan aikinsa a Landan suka gano cewa masu wannan ciwo da suka koma gidajen da ake yawan kushe su, ko tsangwamarsu, ko shisshige musu fiye da kima, sun fi saurin komawa asibiti. Ki sa ƙanenki ya zauna a wurin tattaunawar zaɓen mai jinyar, tunda shi za a wuni da shi. Ku yi gwajin mako biyu, ku ajiye littafin rubuta barcinsa da maganinsa, ku ba mai jinyar ranar hutu. Abu biyu kuma ba a jiran nas a kansu: zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da ruɗewa, da kuma maganar kashe kai. Asibiti za a nufa nan take.

Mijina yana da ciwon baifola, mai sa yanayin mutum ya riƙa sauyawa tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin baƙin ciki, yana shan maganin litiyam. Mai kemis ya nuna mini na wani kamfani mai rahusa. In saya?

Uwargida, a yawancin magunguna zan ce ki saya, domin sinadarin ɗaya ne, sunan kamfani ke ƙara tsada. Litiyam kuwa sai an yi hattara. Tun 1949 da likita John Cade na Ostareliya ya nuna amfaninsa, har yau yana cikin mafiya inganci ga wannan ciwo, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba 'yar kaɗan ce, kuma na wani kamfani yakan narke a hankali, na wani da sauri. Idan za ku koma mai rahusar, ku sanar da likita, a auna jininsa bayan sauyin, sannan ku tsaya a kan guda.

Ki saya a kemis mai rajista, ki duba lambar rajistar maganin da ranar lalacewarsa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani ɗaya cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki jabu ne ko marar inganci. Abin da kika rage ki tara shi don awon litiyam a jini duk wata 3 zuwa 6, da gwajin ƙoda da na tayiroid, wato ƙululun da ke gaban wuya. Kada ki saya masa ibufurofen ko dikulofenak don ciwon jiki, suna sa litiyam ya taru a jini. Farasitamol ya fi aminci. Amai, gudawa, rawar hannu mai ƙarfi, tangaɗi ko lauyewar harshe alamun guba ne, a tsayar da maganin a kai shi asibiti. Kuma don Allah, idan hannu ya yi ƙasa, kada a raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Ki gaya wa likita halin da ake ciki.

Ɗana yana mantuwa da ƙwayoyinsa. An ce akwai allurar wata-wata. Ta fi?

Baba, ka fara da ɗan akwatin magani mai gida bakwai, gida guda ga kowace rana, da ƙararrawar waya. Idan bai yi ba, allurar hanya ce mai kyau: haloferidol mai daɗewa duk mako 4 ake yin ta, fulufenazin kuma duk mako 2 zuwa 4. Aibinta shi ne idan ta kawo illa ba a iya zaro ta daga jiki, shi ya sa likita kan fara gwada ƙwayar ko ɗan ƙaramin adadi. Da yardar ɗanka za a yi, kuma nas ce za ta yi. Ita wannan daban ce da allurar barci da wasu ke sayowa su danƙara wa mara lafiya don ya yi shiru. Wannan kada ka kusance ta.

Mahaifiyata ta shekara 15 tana fama, mun gaji. An nuna mana wani gidan jinya da suka ce suna warkarwa cikin wata uku, amma ba a ziyara sai an gama. Mu kai ta?

Ɗan'uwa, gajiyarku ba abin kunya ba ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma wannan gidan kada ku kai ta. Alkawarin warkewa da ƙayyadadden lokaci, da hana ziyara, kowanne kaɗai ya isa ya sa ka juya. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa ko a kulle su a ƙasashe 60, kuma irin wannan a bayan ƙofar da aka hana dangi shiga ake yin sa. Na taɓa shiga wani irin wurin, ofishinsa tsaf-tsaf, amma a ɗakin baya na ga tabon mari a ƙafar wata dattijuwa. Har yau abin yana cina.

Gani ya kori ji. Duk gidan da kuke tunani, ka je ba tare da sanarwa ba, ka wuce ofis ka shiga inda ake kwana. Ka dubi wuyan hannu da idon sawun mazauna wurin, ka leƙa banɗaki. Idan da tsakar rana kowa na kwance yana zubar da yawu, maganin barci ake ɗura musu don ma'aikata su huta. Ka tambayi sunan likitan da ke rubuta magani da ranar da yake zuwa, ko akwai nas mai lasisi da dare, mutum nawa take kula da su, kuma ko mata ne ke yi wa mata wanka. Ka tambaya ko suna auna hawan jini da suga, domin masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, galibi saboda cututtukan jiki da aka yi sakaci da su, kuma magani irin olanzafin yana ƙara ƙiba da haɗarin ciwon suga. A rubuta muku kuɗin da abin da ya ƙunsa, kada ku biya na watanni a dunƙule.

Idan kun sami wanda ya cika waɗannan, ku fara da mako biyu zuwa huɗu, ku huta, ita ma ta san ranar dawowarta. Ku gaya mata gaskiyar inda za a kai ta, ku ji ta bakinta. Bayan kwana uku ka je ka zauna da ita ku biyu, ba ma'aikaci a kusa, ka tambaye ta me ta ci, wa ya yi mata wanka, ko wani ya daka mata tsawa. Idan ta riƙe hannunka tana waige-waige kafin ta amsa, ka haɗa kayanta a ranar.