Jirgin ruwan shaƙatawa in teku ya tashi

Hajiya kin ce kina tsoron jiri da amai in igiyar ruwa ta taso. Eh wallahi jirgin na lilo, balle mu 'yan Daura da ko kwalekwale ba mu saba ba. Manyan jiragen suna da wasu fukafukai ƙarƙashin ruwa masu rage girgiza amma ba sa hana ta duka, shi yasa ki nemi ɗaki a tsakiya, hawan ƙasa, can gaba kam har kofin shayi sai ya sulale daga tebur. Jiri na farawa ki fita ki kalli nesa, ki tauna citta, magani kuma tun kafin a tashi ake sha. In tekun Karebiyan za ku, can yankin Amurka, Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne fa.