Amsa: Me ya sa wayata ke zafi in na daɗe ina kallon bidiyo?

Ɗan'uwa, ka ce in ka yi awa guda a YouTube sai bayan wayarka ya ɗau zafi, caji kuma ya zube. Ni dai salon matse bidiyon nake zargi. A cikin furosesa akwai ɗan sashe da aka ƙera don warware bidiyo kaɗai, wutar da yake sha kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Amma sai ya san salon. Salon da ake kira H.264 kusan kowace waya ta iya shi. Salon AV1 kam sabo ne: Qualcomm, mai ƙera furosesar wayoyi, ba ta saka shi ba sai a furosesarta Snapdragon 8 Gen 2 ta 2022, Apple kuma a A17 Pro ta 2023. In wayarka ba ta da shi aka turo mata AV1, ainihin furosesar ce za ta ɗauki nauyin, hoto 30 ko 60 kowace daƙiƙa, ba hutu. Daga nan zafi ya taru, wayar ta rage gudu da kanta, hoto ya fara sarƙewa.

Ka sauko da ingancin bidiyon zuwa 720p, ka rage hasken allo (shi ma ba ƙaramin mai shan caji ba ne), sannan ka taɓa bayan wayar bayan minti 20.