Fatawa: Uban yaron ya yafe wa wanda ya kashe ɗansa, uwar ta ce ba za ta yafe ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Tawa nake rubutowa. Wata huɗu ke nan da wani saurayi, ɗan maƙwabtanmu, ya yaudari ɗan yayana mai shekara 9 zuwa bayan gari, ya kashe shi don ya kore tumakin da yake kiwo. Jandarmomi sun kama shi, yana gidan kaso. Ranar sadakar bakwai dattawan unguwa suka zo da mahaifin saurayin, yayana ya ce ya yafe. Matarsa kuwa ta ƙi, har takan canza hanya idan ta hango uwar saurayin a bakin famfo, ƙannenta kuma suna maganar ramuwa. Mutane suna ce mata fushinta ne ke hana yaron kwanciyar kabari. Shin tana da zunubi? Yafewar yayana ta wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙurin rashi.

Batun kwanciyar kabari ba shi da tushe a shari'a. Yaron bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba, kuma baƙin cikin uwarsa ba ya cutar da shi da komai. Masu faɗa mata haka su ji tsoron Allah su daina.

Yafewa falala ce da Allah ya kwaɗaitar a kanta, bai wajabta ta ba. A Suratul Baƙara, aya ta 178, ya wajabta ƙisasi sannan ya buɗe ƙofar rangwame, a Suratul Ma'ida, aya ta 45, ya ce wanda ya yi sadaka da haƙƙinsa to kaffara ce a gare shi. Sadaka kuwa ba a ƙwatar ta. Ina faɗin haka ne domin na sha ganin dattawa, da kyakkyawar niyya, suna tsare mai makoki a cikin zaure tun tabarmin gaisuwa ba a naɗe ba, har ya furta yafewa don kunyar idonsu. Idan yayanki ya yafe da zuciya ɗaya, ladarsa tana wurin Allah, kuma bai kamata matarsa ta zarge shi da cewa ya sayar da jinin ɗansa ba.

Sai dai yadda kika siffanta abin, wannan shi ne kisan gilla: a yaudari mutum a keɓe shi, a kashe shi don dukiyarsa. A mazhabar Imamu Malik, wadda ƙasarmu take kanta, babu afuwa a irinsa, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya faɗa a littafinsa Risala, domin ɓarna ce a bayan ƙasa kuma hukuncinta yana hannun shugaba. Buhari ya ruwaito cewa an kashe wani yaro ta wannan hanya a zamanin Sayyidina Umar, sai ya ce da mutanen San'a duka sun yi tarayya a jininsa da ya kashe su. Sauran mazhabobi uku sun bar wa dangi damar yafewa ko a nan. Ko a kisan ganganci wanda ba gilla ba ma, Malikawa sun ce wanda aka yafe wa a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Haka kuma a dokar Nijar, yafewar iyali ba ta tsayar da shari'ar kisa a kotu. Saboda haka kalmar yayanki ta sauke haƙƙinsa shi kaɗai, shari'a tana nan, kuma wajibi ne wanda ya san wani abu a cikinku ya ba da shaida, kada ya ɓoye da sunan an riga an sasanta.

Ita uwar ba ta da zunubi don ta kasa son ganin wanda ya kashe ɗanta. Wahshi ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, daga baya ya musulunta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi musuluncinsa bai taɓa shi ba, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Idan mafi haƙurin halitta ya nemi wannan, to matar da allon ɗanta yake jingine a ɗakinta, da rubutun da bai kai ga wankewa ba, ba za a ɗora mata fiye da haka ba.

Iyakar da ba za a ƙetare ba ita ce dangin saurayin. Uwarsa ba ta kashe kowa ba, kuma Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Zaginta, gorin ƴaƴanta, ko taɓa gidansu da dabbobinsu haramun ne. Ba a tilasta wa matar yayanki ta shiga gidansu ko ta zauna da su, amma idan an yi mata sallama ta amsa, domin a wurin Malikawa sallama tana fitar da mutum daga gabar da aka hana ta wuce kwana uku. Ƙannenta kuwa a karanta musu aya ta 33 a Suratul Isra'i, wadda ta ba waliyyin wanda aka kashe iko sannan ta hana shi wuce gona da iri, a kuma tuna musu cewa a Hajjin bankwana, shekara ta 10, jinin farko da Annabi ya soke ramuwarsa na danginsa ne, ɗan Rabi'a ɗan Haris, wanda ƴan ƙabilar Huzail suka kashe yana wurin shayarwa a ƙabilar Bani Sa'ad. Zartar da hukunci aikin hukuma ne, wanda ya ɗauki wuƙa da kansa ya saɓa wa Allah.

Ke kuma, da kike gwaggon yaron, ki samu yayanki ya hana kowa sake tayar wa matarsa da zancen yafewa har a gama shari'a. Ki riƙa ɗebo mata ruwa ko ki aiki yaro, don a rage haɗuwarsu a famfon, limamin unguwa kuma ya kira ƙannenta tun wannan mako. Wallahu a'alam.