Ƙasa biyar a mako uku, ni kaɗai: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 28, ina da shagon waya a Farm Centre nan Kano. Ban taɓa fita waje ba, ko Maraɗi ban je ba. Shekara biyu ina tara kuɗi, yanzu ina son in yi mako uku ina yawon buɗe ido ni kaɗai: Misira, Turkiyya, Italiya, Faransa, in biyo ta Maroko in dawo gida. Fasfona sabo ne fil. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a nema. Na daɗe ina yankar wa mutane tikiti da shirya musu takardun biza a garin nan, kuma irin lissafinka yakan zo min kusan duk wata. Da taswira ka tsara shi. Mu kuwa da koren fasfo muke tsarawa, domin shi ne zai tsaya a gaban jami'in shige da fice.

Ƙasashenka biyar biza huɗu ce. Misira da tata, Turkiyya da tata, Maroko da tata, sai Italiya da Faransa da ke ƙarƙashin biza guda ta Shengen, wato bizar da ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kanta. Ita wannan ta Shengen kuɗin nemanta Yuro 90 ne tun 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Za su nemi bayanan asusunka na banki na watannin baya, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da hujjar cewa akwai abin da zai dawo da kai gida. A ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema. A 2024 sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka nema an hana su. To saurayi mai fasfon da ko hatimi ɗaya babu a ciki, kai ma ka san layin da za a sa shi. Ga kuma fasfo ɗaya gare ka, in yana hannun wannan ofishin jakadanci ba ya hannun wancan, sai ka ga wata uku sun tafi kana bin takarda tsakanin Abuja da Legas.

Ko da ma an ba ka duka, kwana 21 a raba biyar kwana huɗu ne, kuma kowane sauyin ƙasa yana cin yini guda cur a filin jirgi. Hotuna za ka dawo da su da ciwon baya.

Da ɗana ne ya kawo min wannan lissafi, hanyar kakanninmu zan nuna masa, fataken da suka riƙa kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ƙasa uku sun ishe ka: Benin, Togo, Ghana. Ba ta hanyar arewa za ka bi ba dai. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma hanyoyin can ba na baƙo mai tafiya shi kaɗai ba ne a yanzu.

Ka sauka Legas, ka bi ta Badagry zuwa bodar Seme, ka shiga Kwatano a Benin. Daga nan Lome, babban birnin Togo, kamar kilomita 150 ce, ita kuwa Lome a jikin bodar Aflao take, da ƙafa ma ana tsallakawa Ghana. Ka yi kwana huɗu a Kwatano har da leƙa Wida, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa, uku a Lome, sauran ka ba Ghana. A Accra ka sauka kusa da Nima, ka yi Juma'a a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021. Turkawa ne suka gina shi da fasalin masallatan Istanbul, ka ga ka ɗanɗana Turkiyyar taka tun daga nan. Sannan Kumasi, kasuwar Kejetia da unguwannin Zango, inda Hausawa da sauran baƙi suke zaune. A duk garuruwan nan akwai Zango, akwai masallaci, akwai mai tsire da zai amsa maka da Hausa, ko da Hausar ta ɗan karkace. Ga wanda bai taɓa kwana a ƙasar wani ba, wannan ba ƙaramar gata ba ce, musamman a Benin da Togo inda Faransanci ake yi kuma Turancinka ba zai saya maka ko ruwa ba. Dawowa kuma ka hau jirgi daga Accra, don ka koyi sha'anin filin jirgi na ƙasa da ƙasa a tafiyar kamar awa guda zuwa Legas.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne hatimi. A kowace boda za ka tarar da 'yan kamasho da 'yan acaɓa suna cewa kawo kaza mu zagaya da kai ta baya, ba sai ka bi layi ba. Kada ka yarda. Ka shiga ofis da kanka, a buga maka na fita a wannan ɓangare, a buga na shiga a wancan, ka buɗe shafin ka gani da idonka kafin ka matsa. Wanda ba shi da hatimin shiga, ranar fita shi mai laifi ne. Waɗannan hatimai kuma su ne za su yi maka shaida gobe a ofishin jakadancin Turai cewa kai mai fita ne ya dawo. Za a nemi na goro a wasu tebura, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ka riƙe 'yan canji a aljihun gaba, kada ka zaro damin kuɗi a gaban kowa.

Kafin nan, katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad. Ka je ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano a yi maka allurar da gaske. Sai ta kwana goma take fara aiki a hukumance, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Kada ka bi sahun masu sayen katin ba allura. Fasfo kuma ƙa'idar ita ce ya rage masa aƙalla wata shida, kai naka sabo ne, ba ka da wannan damuwa.

Kuɗi. In ka je Wapa wajen 'yan canji ka ce sefa, ka fayyace ta Yamma kake so, wadda ake kashewa a Benin da Togo da Nijar. Ta Chadi da Kamaru daban ce, darajarsu ɗaya amma mai shago a Lome ba zai karɓa ba. Na taɓa ganin wanda ya kai Kwatano da ta Kamaru cike da jaka, sai da ya sayar da ita da asara. Ghana sidi suke kashewa, wannan ka canza a can da dala, sababbin takardu marasa yagewa. Katin bankinka na naira kada ka dogara da shi sai ka tambayi bankin ko yana aiki a waje da iyakar abin da zai fitar. Ka raba guzurinka gida uku, kashi ɗaya ka manta da shi sai ranar da ta ɓaci.

Kada ka karɓi saƙon kowa, ko ƙullin yaji ne, ko daga wa ya fito. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta, sai bayan wata huɗu gaskiya ta fito. Ka ƙirga jakunkunanka, ka duba lambobin da aka manna a tikitinka.

Boda da rana ake tsallaka ta, kuma masaukin daren farko a kowane gari ka kama shi tun kafin ka isa. Togo da Ghana suna bayanmu da awa ɗaya, ka gyara agogo saboda salla da mota. Watannin Mayu da Yuni ruwa ake tafkawa a bakin teku, Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiya. Ka ɗauki hoton fasfo da katin allura ka ajiye a waya, ka bar kwafi a gida tare da sunayen masaukanka, kuma ka sa lokaci guda kullum da za ka kira Hajiya, don in ba ta ji ka ba a san daga garin da za a fara cigiya.

In ka dawo da hatimi a fasfo, ka zo mu zauna kan Misira da Turkiyya, su biyu kawai, da tikiti ɗaya da ya haɗa dukkan zangon. A nan zan yi maka bayanin bizar yada zango, domin ɗan Najeriya ko canjin jirgi zai yi a Faris ko Rum ba tare da ya fita filin ba, sai da ita.