Mai faci ya rage mini iska don taya ta ƙara kama kwalta, ya yi daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi BMW M4 ƙirar 2015 da aka shigo da ita daga Amurka. Ranar da aka yi ruwan farko a nan Abuja, na fito daga shataletale na ɗan taka mai, sai kawai bayan motar ya zame, saura ƙiris in sharɓe motar da ke gefena. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mai facin unguwarmu ya rage mini iska zuwa 24, ya ce taya za ta baje ta ƙara kama kwalta, kuma ba za ta fashe a zafin hanyar Kaduna ba. Yanzu fitilar gargaɗin iskar taya ta kama a dashbod, mai wayarin ya ce zai kashe mini ita. Mako mai zuwa zan je Zariya. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kiyaye na gaba. Kada ka kama hanyar Zariya da iskar nan, kuma kada mai wayarin ya taɓa fitilar.

Zamewar da ka yi ba abin mamaki ba ce. Ƙarfin inji na doki fiye da 400 ne ke sauka a kan tayoyin baya biyu kacal, ga ruwan farko ya jiƙa ƙura da baƙin mai da suka kwanta a kwalta tun rani, kai kuma ka taka mai sitiyari bai gama miƙewa ba. Idan ka kashe DSC, wato na'urar da ke hana mota zamewa, ko ka sa ta a MDM, tsarin da ke sassauta aikinta, ka mayar da ita yadda take.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar mai facin, domin kullum sai na ji ta, daga direban tasha har mai motar miliyoyi: wai a rage iska saboda zafi. Ana faɗinta da tabbaci kamar karatu, alhali ita ce ke fasa tayar. Iska ce ke ɗauke da nauyin mota, roba riƙe iskar kawai take yi. Da ka rage ta, gefen taya zai riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kuma wannan lanƙwasar ce ke haifar da zafi daga ciki. Ɗauki wayar ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji ta ɗau zafi a yatsunka kafin ta karye. Haka zare da wayoyin cikin taya suke yi, har roba ta saki waya, bayan tayar ya ɓare gaba ɗaya kana tsakiyar gudu. Sai a taru a ce zafin kwalta ne, a koma a ƙara rage wa sauran ukun.

Zafin rana kuwa nawa yake ƙarawa? Kusan 1 a geji a duk digiri 5 zuwa 6 na zafi. Doguwar tafiya takan ƙara 3 zuwa 5. Masu ƙera tayar sun san da wannan, shi ya sa suka ce a auna ta tana sanyi, kuma lafiyayyar taya tana jure ninkin wannan sau da yawa. Wanda ya tsaya a Tafa, a hanyar Kaduna, ya sa aka sace masa iska saboda geji ya nuna 37, da hannunsa ya ɓata lissafin.

An taɓa biyan kuɗin wannan darasi da rayuka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5, akasari na Ford Explorer, bayan tayoyin sun yi ta ɓarewa motoci suna kifewa, an rasa mutum fiye da 200 a Amurka. Akwai matsalar ƙira a ciki, amma Ford ya ce a sa iska 26, Firestone ya ce 30 ya kamata, kuma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi irin Texas da Florida. Dalilin haka aka yi dokar da ta tilasta sa na'urar lura da iska a sababbin motocin Amurka daga 2007. Fitilar da mai wayarin ke son kashewa ke nan.

Batun wai ta baje ta ƙara kamawa ma a kife yake, musamman a ruwa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tsakiyarta ba ya danna ƙasa sosai, zanen yana matsewa, ruwa ya rasa hanyar fita, sai ta hau kan ruwan ta yi ta sulu, birki da sitiyari duk su zama ado. Akwai tsohon lissafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 1963 a kan tayoyin jirgin sama wanda ake ƙiyasi da shi: da iska 32 taya kan fara hawa ruwa a wajen kilomita 94 a awa, da 24 kuwa tun a wajen 82. In tayarka ta baya mai lambar girma 275/35 R19 ce, tsayin gefenta bai kai santimita 10 ba. Ka faɗa rami da 24, rim zai datse gefen ya tsinke zaren ciki, gobe ka ga ƙullutu. Ƙullutu ba ya faci, duk wanda ya ce zai gyara maka shi kuɗinka yake so.

Na san inda aka tsinto maganar. Direbobin sahara a Agadas suna rage iska don kada su kafe a rairayi, amma a hankali suke tafiya, kuma suna mayarwa da sun hau kwalta. 'Yan tsere ma suna ragewa kaɗan, da geji a hannu, suna aunawa bayan 'yan zagaye. Mai facin bai yi ko ɗaya ba, sau da yawa ma da babban yatsa ko bugun sifana yake auna taya. Ba kuma kai kaɗai ne a hanyar ba, akwai bas cike da mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, haƙƙinsu na wuyanka.

Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, lambar da ke kanta ita ce taka, ba wadda ke gefen taya ba, waccan iyaka ce. Za ka ga ta haura 30, kuma ƙaruwa take idan za a yi lodi ko gudu sosai. Sayi gejinka, ka auna da safe kafin ka motsa.

Sannan ka duba shekarun tayoyin. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya mako ne da shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Roba mai laushi irin ta waɗannan motoci tana bushewa ko da zanen na nan raɗau. Porsche Carrera GT da ɗan fim Paul Walker ya mutu a cikinta a 2013, gudu ne ya jawo, amma an tarar tayoyinta sun shekara tara. Harafin da ke nuna iyakar gudun taya, a gefenta, ya zama Y, kamar na tayar da ta zo da ita daga kamfani. In ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefe, ta hunturun Turai ce, cire ta. Tunda kuma ka yi yawo da 24, sa a kwance tayoyin daga rim a leƙa ciki: in akwai garin roba ko tamoji a bangon, ta gama aiki, ka canza ta tare da 'yar'uwarta, biyun gaba ko biyun baya.